Yadda Yaya Haruna Ya Sa Direbobin Riyad Tafiyar Ƙasa

Shekara biyar ke nan da muka binne yayana, Injiniya Haruna, a nan Riyad. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in ga yawancin abin da nake tunawa na dariya ne, in ji kamar bai dace ba. Bana na yanke shawarar in rubuta shi yadda yake, don haka ya rayu a cikinmu.

Yaya ya daɗe da riga ni zuwa Saudiyya. Awon hanya yake yi a wani kamfanin gine-gine, kuma shi ya nema mini aikin fassarar da ya kawo ni. Mutum ne mai jiki, mai son tuwo da man shanu, mai son shayi da sukari sosai. Daga gidansa a Nasiriya zuwa masallacin unguwa ma mota yake shiga, kamar kowa a garin nan.

Wata rana ya kira ni gida bayan ya dawo daga asibiti. Likita ya ce masa ciwon sukari ne, kuma ya fara taɓa jijiyoyin ƙafa. Ni da shi mun san abin da wannan yake nufi fiye da kowa. Ciwon da ya sa aka yanke wa mahaifinmu ƙafa ke nan a Zariya, kuma Yaya ne yake goya shi zuwa banɗaki har ya rasu. Likita ya ba shi magani, ya ce ya rage ci, sannan ya ce in yana son ƙafarsa, to kullum ya yi tafiya a ƙasa har sai ya yi gumi.

Yaya ya amince da komai, amma ya kafa sharaɗi ɗaya: kada Inna, mahaifiyarmu, ta ji. Ita ta yi jinyar Baba, kuma ba ya son ta ƙarasa tsufanta tana jiran a ce mata an yanke wa ɗanta ƙafa. Hana Inna ji kuwa yana nufin hana kowane Bahaushen Riyad ji, domin maganar da aka yi a nan bayan la'asar, kafin isha ta isa ƙauyenmu ta waya. Saboda haka mu uku muka san zancen: shi, da matarsa Anti Bilki, da ni.

Ya sayi takalmin kambas, ya fara fita bayan la'asar. A nan matsalar ta taso. A wurinmu babban mutum ba ya tafiya a ƙasa haka kawai. In kana cikin mota ka gan shi yana tafe, dole ka tsaya ka rage masa hanya, shi kuma in ya ƙi shiga, ya raina ka. Hausawan Riyad kuwa da yawansu direbobi ne, na gidajen Larabawa, da na kamfanoni, da na tankar ruwa, kuma babu wanda bai san Injiniya ba.

Wanda ya fara kama shi Malam Tanko ne, wani Bakano mai tuƙa wa wani gida ƙatuwar mota. Tsakaninsa da Yaya akwai wasan nan na Kanawa da Zagezagi. Yaya ya ba ni labarin yadda suka yi.

"Injiniya! Ranka ya daɗe, lafiya? Ina motar?"

"Tana gida, Tanko. Miƙe ƙafa nake yi."

"Miƙe ƙafa a ranar Riyad? Shigo ka miƙe ta a nan, ga mukayyif yana ta hura sanyi."

"Wallahi ka bar shi, na gode."

"Ni in wuce Bazazzage yana gararamba a titi, a ce ban kula da bawana ba? Shigo, don Allah!"

Ya shiga. Tanko ya sauke shi a ƙofar gida. Ya jira har motar ta sha kwana, ya sake fita, sai ga mai tankar ruwa ya ci burki a gabansa. Haka abin ya yi ta tafiya. Ya sauya hanya, suka same shi. Ya sauya lokaci, suka same shi. Anti Bilki ta ce ita ba ta taɓa ganin mai motsa jikin da yake dawowa kullum a mota daban ba, rigarsa a bushe ƙayau.

Sai magana ta fara yawo. Wasu suka ce iƙamarsa ce, wato takardar zamansa, ta ƙare an ƙi sabuntawa. Wasu suka ce kafilinsa, kamfanin da ya tsaya masa, ya janye hannu. Da aka ce ai ga motarsa nan a ƙofar gida, sai aka ce mai saye take jira. Babu wanda ya tambaye shi, domin ba a tambayar babban mutum yadda aka yi ya faɗi. Abin da aka yi shi ne, wata safiya Anti Bilki ta buɗe ƙofa ta tarar da buhun shinkafa da kwalin kaji, babu wanda ya tsaya ya ce shi ya kawo. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Yaya kuwa ya yi dariya har da hawaye. Amma da muka keɓe ya ce mini babban yatsansa na ƙafar hagu ya daina jin taɓi, kuma sukarin bai sauka ba. Alherin 'yan uwa yana neman ya ci masa ƙafa, shi kuma ba shi da bakin da zai ce su bari.

Mafita ta zo daga Wadi Hanifa, kwarin da ya ratsa yammacin birnin. Da can wurin zubar da shara da ɓaraguzan gini ne. A waɗancan shekarun ne gwamnati ta kashe kuɗi ta share shi, ta dasa itatuwa, ta yi wuraren zaman iyali, ta shimfiɗa hanyoyin ƙafa, irin waɗanda Larabawa suke kira mamsha. Abin da ya fi burge Yaya shi ne mota ba ta hawa mamsha. Yakan tuƙa motarsa har can, ya ajiye ta, ya yi tafiyarsa babu mai rage masa hanya. Ya samu 'yan makonni yana haka cikin kwanciyar hankali.

Sai wata Juma'a bayan masallaci Tanko ya ja ni gefe, fuskarsa babu wasa. Ashe ya kai iyalin maigidansa shan iska kwarin, ya hango Yaya.

"Malam Sani, yayanka fa abin ya fara taɓa kai. Shi kaɗai cikin kwari, yana ta wurga hannuwa, ba ya kallon kowa. In ba za ka je ba, ni zan je in ɗauko shi."

Ba ni da izinin faɗa masa gaskiya, don haka na bi shi. Lokacin sanyi ne, rana ba ta da zafi. Muka ajiye mota muka gangara. Tanko yana cikin babbar rigarsa ta Juma'a, da hula, da takalmi sau-ciki mai santsi. Muka tare Yaya a kan hanya.

"Injiniya, zo mu tafi gida. Ko mene ne, za a san yadda za a yi. Ba kai kaɗai ba ne a garin nan."

Yaya ya dube shi, ya dube ni, ya goge goshi. "To, Tanko, na ji. Amma ka daɗe kana rage mini hanya ban taɓa roƙonka komai ba. Yau ina da roƙo ɗaya. Ɗan taka mini."

Duk Bahaushe ya san ba a ƙin rakiya. Ya kuma san cewa in ka rako wanda ya girme ka, ba ka juyawa sai ya tsaya ya ce maka, "Koma haka nan, na gode." Yaya ya san wannan sarai. Ya kama hanya, muka bi shi, bai ce koma ba. Duk kwanar da muka kai sai Tanko ya rage sauri ya gyara murya, ya ce, "To, Injiniya..." Kafin ya ƙarasa sai Yaya ya jefa masa tambaya a kan kasuwar Kano, ko a kan ɗansa da yake makaranta, shi kuwa Bakano ba ya iya barin zancen kasuwa a tsakiya. Ya cire hula. Can ya naɗe babbar riga ya saɓa a kafaɗa. Can kuma ya tuɓe takalman ya riƙe a hannu.

"Malam Sani," ya ce mini yana haki, "yayan nan naka Zariya zai kai mu a ƙasa?"

Sai da muka isa wani benci na dutse ƙarƙashin itace Yaya ya zauna, ya faɗa masa komai, har da batun Baba da na Inna. Tanko ya maida numfashi, ya dube shi.

"Shi ke nan? Sukari? Ni da nake shan maganin hawan jini tun bara, ko uwar 'ya'yana ba ta sani ba!" Sannan ya ce, "To ai mai sukari ba ya cika cin shinkafa. Ka dawo mini da buhuna, Bazazzage."

Na zaci kafin magariba labari zai isa gida. Ban san Tanko ba. Bai faɗa wa kowa ciwon ba. Abin da ya yi shi ne, Juma'ar da ta biyo ya zo da direbobi biyu, ya ce musu Injiniya lafiyarsa lau, iƙamarsa lau, rakiya kawai yake so, su ɗan taka masa. Aka yi musu yadda aka yi masa, yana gefe yana ƙunshe dariya, wannan karon da takalmin kambas a ƙafarsa. Daga nan abin ya zama al'ada. Wasu sun zo sau ɗaya ba su ƙara ba. Wasu suka zauna, kuma kusan kowannensu, ba tare da an tambaye shi ba, wata rana a kan bencin nan yakan faɗi abin da likita ya ce masa. Maganar benci ba ta taɓa hawowa daga kwarin ba. Abin da ya isa kunnen Inna shi ne Haruna ya koma yawo a ƙasa kamar Bature. Ta kira shi ta ce Allah ya shirye shi, suka yi dariya. Har ta rasu ba ta san yana da ciwon mahaifinmu ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Riyad ta yau. An tona manyan tituna ana aikin jirgin ƙasan cikin gari, na san da ya tsaya a bakin kowane rami yana gyara wa masu aikin awo a ransa. Direbobinmu da dama yanzu ta waya ake kiransu, ba su da sararin tsayawa su rage wa kowa hanya, wannan kam da ya ce an zo masa da sauƙi a makare. Unguwanni da yawa sun samu mamsha tasu, da yamma za ka ga tsofaffi da mata da yara suna zagayawa, babu mai zaton iƙamar wani ta ƙare. Ina jin wannan zai fi faranta masa rai.

Yakan yi maganar gida ma. Yana cewa abin mamaki ne, a nan gwamnati tana kashe kuɗi don mutane su samu inda za su taka ƙasa, mu kuma muna da turbobi tsakanin ƙauyuka tun kaka da kakanni, muna barin gonaki suna cinye su. Ra'ayinsa shi ne, in wata rana gwamnatocinmu suka ware kuɗi don irin wannan aiki a karkara, kada su fara da ƙofar ƙarfe da allon suna. Su shata iyakar turbar da take nan, su sa ƙaramar gada inda rafi yake yanke ta da damina, su dasa itatuwan inuwa, su ajiye wurin zama. Yana nanata wurin zaman nan. Ya ce mutanenmu ba sa faɗin abin da yake damunsu a tsaye.

Yaya ya samu shekaru masu daɗi bayan haka. Jikinsa ya ragu, sukarin ya sauka, ya aurar da 'yarsa ta fari. Zuciya ce ta tsaya masa bayan gajeriyar jinya. Anti Bilki da yara sun koma Zariya. Tanko yana nan, shi ne yanzu yake gaba ranar Juma'a, kuma har yau bai taɓa ce wa sabon zuwa ya koma haka nan ba.

Bai bar gida mai bene ba, kuma hanyoyin da ya auna babu wadda take ɗauke da sunansa. Ya bar maza masu yawa da suka daina ɓoye wa juna ciwo, ya kuma bar wata tsohuwa ta tafi da kwanciyar hankalinta. Ni da Tanko muna cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da muka zo ƙafafu na tsaya na duba su da kyau. Guda biyu ne, yatsu goma cif, dugadugan sun yi kaushi kamar na manomi. Tanko ya riƙe ta hagun a hannunsa, ya ɗago ya dube ni, hawaye a idonsa amma yana murmushi, ya ce a hankali, "Malam Sani, ya tafi da abarsa."

Allah ya jiƙan Yaya Haruna, ya haɗa shi da Baba da Inna a gidan rahama.