Kifin Teku a Zafin Garwa

Sana'ata gishiri ce da kanwa. Na fara ta da buhu ɗaya a bayan keke ina bin rugage, har Allah ya kai ni ga shago a Garwa da sito a Ngong, motoci suna sauke min kaya daga Duwala ina rarraba wa makiyaya da 'yan tireda. A wannan sana'a harshe shi ne ma'auni. In aka kwance min bakin buhu, tsunkula nake yi in ɗora a harshe, in gaya wa mutum na teku ne ko na hamada, an cuɗa shi da ƙasa ko ya sha danshi a hanya. Ba a taɓa cutata da gishiri ba, kowa a layinmu ya san haka.

Wata tafiya da na yi Duwala, aka zaunar da ni a ofishin mutumin da nake sarin kaya wurinsa, aka ce in jira. Jikin bango akwai wani akwatin gilashi cike da ruwa, da fitila a samansa. Na tashi don in miƙe ƙafa, na leƙa. Ni da na girma a bakin Binuwai, na ci giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa iya cina, ban taɓa sanin Allah ya halicci kifi mai launin atamfa ba. Wasu guda biyu ne suka kama ni, ruwan lemo da zane fari uku a jiki, ba su kai tsawon yatsana ba, suna iyo suna rangaji kamar masu jin kiɗa. Sau biyu aka kira ni kafin na ji.

Da muka gama maganar kaya, na tambayi wanda ke kula da akwatin. Aka haɗa ni da wani dattijo ɗan bakin teku, aikinsa ke nan, yana bin ofisoshi da gidajen masu hali yana gyara musu. Muka yi magana da Faransanci, nawa irin na kasuwa. Na ce masa ina son in yi kiwon irin kifin nan a gidana.

“Patron, Garwa ka ce? Can inda ƙwai ke dahuwa a rana?”

“Can,” na ce.

“Waɗannan ba kifin kogi ba ne. Ruwan gishiri suke so, kuma ba sa son wasa.”

Na yi murmushi. “In dai gishiri ne, baba, ka zo gidansa. Tirela-tirela nake sauke shi.”

Ya yi dariya har da dafa gwiwa. Ya ce nawa na shanu ne da tukunya, in na zuba musu shi kwana biyu ba za su yi ba. Akwai wani na musamman da ake haɗawa, mai duk abin da ke cikin ruwan teku. Haka na dawo Garwa da bokitin gishirin wani, ni da gishiri ke kwana a sitona, da yashi fari, da duwatsu masu ramuka da ya naɗe min a jiƙaƙƙen buhu, da injin juya ruwa. Ya kuma ba ni wani ɗan ma'auni na roba mai allura, ya nuna min inda allurar za ta tsaya in gishiri ya yi daidai. Ya maimaita min wannan har sau uku.

Maiɗakina ta tsaya a ƙofar falo tana kallon ana shigo da kaya.

“Alhaji, wannan kuma fa? Duwatsu muka rasa a Garwa?”

Na yi mata bayani, na nuna mata hoto a waya. Ta daɗe tana kallo.

“Ana ci?”

“Ba a ci.”

“To me ake yi da shi?”

“Kallo, Hajiya.”

Ta ce Allah ya kyauta, ta koma kicin. Amma da yamma na tarar ta sa an janye kabet ɗinta daga kusurwar da rana ba ta kaiwa, ta bar min wurin.

Mai yanka gilashin tagogi ne ya haɗa min akwatin. Bai taɓa yin irinsa ba, sai da na sa ya cika shi da ruwa a tsakar gida kwana uku muka tabbatar ba ya yoyo. Na sa maƙeri ya yi masa teburin ƙarfe, domin ruwa nauyi gare shi. Na ƙara batir a kan solar gidan saboda kada injin ya tsaya in an ɗauke wuta. Ruwa kuwa daga wurin masu ruwan leda na ɗebo, tatacce, jarka-jarka. Ranar da na dama gishirin na auna da ma'aunin dattijo, allura ta tsaya cak inda ya ce. Sai na tsoma yatsa na lasa, na riƙe ɗanɗanon a baki sosai. Na ce wa kaina, shi ke nan, na san shi. Na jefa ma'aunin a aljihun tebur.

Abin da ya fi min wuya shi ne jira. Dattijo ya ce kada in kuskura in sa kifi sai ruwan ya nuna, kamar mako biyar. In jefa ɗan guntun jatan lande ya ruɓe a ciki, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su hayayyafa a jikin duwatsu, su ne za su riƙa cinye ƙazantar kifin. Na yi yadda ya ce. Mako biyar fitila na ci, inji na gurnani, ba komai ciki sai dutse da yashi.

A cikin kwanakin nan aminina mahauci ya zo. Tare muka taso, shi kaɗai ke gaya min magana yadda ya ga dama. Ya durƙusa gaban akwatin, ya duba ta nan, ya duba ta can.

“Ina kifin?”

“Suna Duwala.”

“To waɗannan duwatsun, da safe kake ba su abinci ko da yamma?”

“Kai dai ka san wuƙa da tsinke. Wannan ilimi ne.”

“Ilimi! Mutane na kiwon shanu, kai kana kiwon ruwa. Hajiya, ki riƙa lura da shi, zafin bana ya fara aiki.”

Ta amsa daga ciki cewa ta riga ta miƙa lamarin ga Allah. Na bar su suka yi dariyarsu. Ni kuwa ko a shago hankalina yana gida. Wata rana na ga wani ɗan tsiro ja-ja ya fito a jikin dutse, na kira dattijo a waya ina murna kamar an yi min haihuwa.

Da lokaci ya cika na koma Duwala. Na san kifin ba za su jure jirgin ƙasa zuwa Ngawundare da motar Garwa ba, saboda haka na hau jirgin sama, karo na farko da na hau shi ba don aikin Hajji ba. Kifi biyu, kowanne a ledarsa da ruwa da iska, cikin kula. Da aka karɓi kular aka shigar da ita tare da kaya, ji na yi kamar an raba ni da jinjiri. Muna sauka na buɗe a filin jirgi, na ga suna motsi, na yi hamdala da ƙarfi har wani jandarma ya waiwayo.

A gida na ɗora ledojin a kan ruwan akwatin, ina zuba musu ruwan ciki kaɗan-kaɗan don su saba, sannan na sake su. Suka nutse bayan dutse. Can sai babban ya leƙo, ya fito, ƙaramin na biye da shi, suka fara wannan rangaji nasu a ƙarƙashin fitila. A falona, a Garwa! Hajiya ta jawo kujera ta zauna, har miyar rana ta kusa kamawa. Mako guda gidan bai rabu da baƙi ba. Wani tsohon Bafulatani da ke sayen kanwa wurina ya zo takanas, ya tsaya da sandarsa a kafaɗa ya daɗe, sannan ya tambaye ni wa ya yi musu fenti.

Muna cikin haka bazara ta kankama. Wanda bai yi watan Afrilu a Garwa ba bai san zafi ba. Ruwan akwatin ya fara ɗumi. Na tuna yadda randa ke sanyaya ruwa, na ɗaura ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, kuma dabarar ta ci. Sai dai ruwan ya riƙa raguwa, kullum kamar faɗin yatsa. Wannan bai dame ni ba. Kowace safiya in dama sabon ruwa da gishirinsa, in lasa, in ji ya yi daidai, in cike gurbin. In lasa na cikin akwatin, in ji kamar na jiya. A ganina adalci ke nan, ruwan gishiri ya tafi, ruwan gishiri ya dawo.

Bayan kamar mako uku ƙaramin ya daina cin abinci. Kwana biyu babban ma ya bi shi. Suka lafe a gindin dutse, baki na buɗewa da sauri, launinsu ya dushe kamar zanen da ya sha wanki. Na duba injin, lafiya. Na taɓa ruwa, ba zafi. Na lasa, na sake lasawa. Na ɗauko su daga bakin teku da ransu, ga shi za su mutu a hannuna ban ma san me ke kashe su ba.

Washegari da safe ina tsugune ina dama gishiri a bokiti, Hajiya ta zo da tsumma tana goge bakin gilashin. Farin ɓawo ne ya taru a wurin, tana kankarewa yana zuba.

“Alhaji, kullum sai ka zuba gishirin nan?”

“Ai kullum ruwan na raguwa.”

“Ruwan na raguwa. Gishirin fa, ina yake zuwa?”

Na ɗago na dube ta.

“In miya ta tsotse a kan wuta, ruwa nake ƙarawa. Da kullum gishiri nake ƙara mata, da tuni ka mai da ni gidanmu.”

“Na lasa fa. Daidai yake.”

“Kai da ke lasa kullum ina za ka ji? Kawo.”

Ta tsoma ɗan yatsa ta taɓa a harshe, ta yamutsa fuska, ta nufi ƙofa ta tofar.

“Wannan ai ko fata aka jiƙa ciki ba za ta ruɓe ba!”

Na buɗe aljihun tebur na lalubo ma'aunin a ƙarƙashin takardu. Na cika shi. Allura ta haye sama ta manne, ta wuce duk rubutun da ke jiki. Ni da na san yadda ake shanya ruwa a rana ya tafi ya bar gishiri, abin da nake ci da shi shekara da shekaru, shi na yi a falona da fanka. Kullum yana ƙaruwa kaɗan, harshena yana binsa kaɗan, ba wanda ya gaya wa wani.

Na sunkuci jarkar ruwa zalla zan juye a akwatin gaba ɗaya. Hajiya ta ce in fara kiran mai abin. Dattijo ya saurare ni har na gama, bai yi dariya ba wannan karon.

“Ajiye jarkar nan, patron. A hankali ka kai su can, a hankali za ka dawo da su. Ka juye yanzu, kafin azahar sun mutu.”

Ya ce in riƙa ɗebe kofi biyu ina mayar da kofi biyu na ruwa zalla, in jira, in auna, in sake. Kada allurar ta sauka fiye da ɗan layi ɗaya ko biyu a yini. Na tambaye shi ko za su rayu. Ya ce wannan kuma ba a hannunsa yake ba.

Ban je kasuwar Ngong a makon ba, abin da ban taɓa yi ba sai da ciwo. Na zauna gaban akwatin da kofi da ma'auni. Hannuna yana ƙaiƙayi in ƙara, Hajiya tana wucewa tana cewa, “Biyu aka ce.” Rana ta farko allura ba ta ko motsa ba. Ta biyu ta saki saman. Ta uku babban ya ɗan taso daga yashi ya koma. Ƙaramin kuwa ya karkace gefe guda, har na fara tunanin inda zan binne shi, don ba zan iya jefa wa kyanwa ba.

Rana ta shida bayan na dawo daga masallaci da safe na auna, allura ta kusa inda dattijo ya nuna min. Na murza ɗan abinci a saman ruwa, ba don ina sa rai ba. Babban ya taso ya cafke. Sai ga ƙaramin ya fito daga bayan dutse, a karkace, yana tafe kamar mai koyon tafiya. Ƙwaya ɗaya ta nutso ta gabansa, ya bi ta, ya kuskure, ya juyo ya haɗiye.

“Hajiya! Hajiya, ya ci!”

Ta fito da ludayi a hannu, ɗankwali a karkace.

“Wanne?”

“Ƙaramin! Ga shi, ga shi zai ƙara!”

Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa muna kallo har ya ci uku. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da guntun farin salatif, ta manna a gilashin daidai bakin ruwa.

“Daga yau in ya sauka ƙasa da nan, ni zan cike, da ruwa zalla. Kai ka tafi shago, mutane na jira.”

Na sa hula na fita. Ban kai bakin titi ba na juyo na dawo, don in ga ko zai ci ta huɗu.