Tafiyar Kamazou da Saƙo Ukun da Ban Buɗe Ba

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Funtuwa ranar Larabar makon jiya, ni da ƙanwata, autar ɗakinmu. Shekara biyu ke nan da ta gama karatun gwajin jini tana zaune a gida, sai wani asibiti mai zaman kansa a Kamazou, can kudancin Kaduna, ya ce ta je intabiyu ranar Alhamis. Ɗan baffanmu da ke zaune a Makera shi ya kai takardunta, shi kuma ya karɓo mana ranar. Na ce gara mu tafi tun Laraba, ta kwana ta huta, ta shiga gabansu da ƙarfinta.

Akwai abin da ya kamata ku sani tun yanzu. Ranar da take cike fom, da ta zo wurin lambar waya, ni na karɓi biron na rubuta tawa. A gidanmu haka ake yi, ba a baza lambar 'ya mace a hannun baƙi, mai magana da ita ya biyo ta kan yayanta. Ta ɗago ta dube ni. Ni kuwa ɗan kasuwar hatsi ne, duk harkata kira ce da saƙon murya. Saƙon tes a wurina tarkace ne na masu talla, yau a ce ka sayi waƙar kira, gobe a ce ka ci mota.

Motar 'yar ƙurƙura ce, mu huɗu a baya kamar an ɗaure itace. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, direba kuma ya ɗora laifin kan fetur tun kafin a tambaye shi. Daga Giwa zuwa Zariya masara ta yi kyau ƙwarai, har na manta da ciwon gwiwa ina kallon gonaki. A Kwangila muka sayi ƙosai, sai dai ƙosan ya ƙanƙance, uku ba su cika baki ba. Ƙanwata ko ɗanɗanawa ba ta yi ba, littafinta kawai take bita, leɓɓanta na motsi. Muna wuce Jaji wayata ta yi tsuwa a aljihu. Na zaro na ce, "Masu talla sun tashi daga barci," na ture saƙon daga fuskar wayar da babban yatsa ban buɗe ba, na mayar. Har wani dattijo da ke kusa da ni ya yi dariya.

Ƙarfe tara da 'yan mintuna muka sauka a Kawo. Muka shiga bas, muka ratsa gari, muka haye gadar kogi. Ruwan ya cika ya yi ja, masu wanki na ta bugu a gefe. Daga nan garin ya sake kama, ga coci ga masallaci, ga tsofaffin masaƙun Kakuri da ciyawa ta cinye katangarsu. A Makera muka tarar da ɗan baffan namu ya dawo daga aikin dare a kamfanin da yake yi, matarsa ta kawo mana shayi da burodi da wainar ƙwai.

A nan mamakina ya fara. Mutumin nan yana da babbar waya, amma 'yar ƙarama mai tocila ita ce a hannunsa, kuma ba ta minti goma ba ta yi tsuwa ba. Na tsokane shi, na ce ko shi ma mota ya ci. Sai ya miƙo mini. Saƙo na farko daga shugabansu ne, an mayar da shi aikin safe daga Asabar. Na biyu daga asibitin unguwa, ranar rigakafin jaririyarsu. Na uku daga tasha, kayan da aka aiko masa sun iso, ga lambar da zai nuna a ba shi. Mai gas ma ta tes ya sanar da shi ya buɗe shago. Matarsa malamar makaranta ce tana hutun haihuwa, ta ce in za a tashi yara da wuri, tes ɗaya ake tura wa iyaye gaba ɗaya. Maƙwabciyarsu, wata yarinya 'yar Zonkwa mai gyaran gashi, tana zaune a baranda tana tura wa kwastomominta lokacin da kowace za ta zo.

Na ce duk wannan wahala, me ya hana kira? Ya ce a wurin aiki ba ka da damar ɗaukar waya, injin ma ba zai bar ka ka ji ba. Tes kuwa ba ruwansa da data, ko sabis ya yi rauni zai lallaɓa ya shigo, kuma yana nan a rubuce, ba mai ce maka bai faɗa ba. Na ce to ni rabona da buɗe tes tun kafin azumi. Ya ajiye kofinsa.

"Yaya, lambar wa aka sa a fom ɗin nan?"

"Tawa mana."

"Kawo wayar."

Saƙo ɗari shida da wani abu ya tarar ba a buɗe ba. Yana ja yana dariya, sai dariyar ta ɗauke. A tsakanin tallar waƙa da ta caca akwai saƙo uku daga asibitin, ɗaya Litinin, ɗaya Talata, ɗaya na safiyar ranar, wanda na ture a Jaji. Duk magana ɗaya ce: an dawo da intabiyu Laraba, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu. Na dubi agogon bango, sha biyu da kwata. Da daga Kawo muka miƙe, da mun isa da sauran lokaci.

Muka tare keke muka ɗauke shi shata, mu uku. A unguwar Talabijin muka faɗa gosulo, wata tirela ta tokare hanya, 'yan talla suna cusa mana ayaba ta gefe. Mai keken ya yi iya ƙoƙarinsa, ya bi ta lunguna ya ɓullo Sabo, ruwan kwata na fallatsa. Ƙanwata ta rungume fayil ɗinta, idonta a kan titi. Na so ta yi kuka ko ta yi mini faɗa, ba ta yi ko ɗaya ba. Ɗaya saura muka isa Kamazou, unguwa mai sababbin gidaje da jar ƙasa, amma ban kalli komai da kyau ba.

A teburin karɓar baƙi muka sami wata mata, za ta yi sa'ar mahaifiyarmu, 'yar wajen Kafanchan. Da ta ji sunan ƙanwata sai ta cire tabarau.

"Ke ce? Haba 'yata. Sau uku na tura da hannuna. Dokta ya ware takardanki a sama, har ya ce a leƙa waje ko kina hanya."

Na ce, "Mama, laifina ne, lambata ce. A taimaka."

"Ɗana, sun tashi, sun riga sun ɗauki mutum biyu. Kowa ya ga meseji ya zo, ita kaɗai ce babu."

Ta dubi ƙanwata. Can ta jawo wani littafi, ta ce za ta sa sunanta a jerin masu jira, in wani bai kama aiki ba ko gurbi ya buɗe, za a tura saƙo. Ta ce a ba ta lamba. Na buɗe baki na fara, "Sifili takwas..."

"Yaya, bari."

A hankali ƙanwata ta faɗa, ba ta ko dube ni ba. Ta karanto lambarta, ta maimaita, ta leƙa littafin ta tabbatar an rubuta daidai. Tunda aka haife ta ba ta taɓa katse mini magana ba. Kunya ta kama ni, na koma gefe na tsaya.

Ba mu kwana ba, bayan la'asar muka kamo hanya. Daga Kawo har Zariya kaina na sunkuye ina buɗe saƙonnin nan ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu talla ne, ban yi ƙarya ba, sai dai ukun nan suna ciki. Da isha'i muka shiga gida, mahaifiyarmu na tsakar gida a kan tabarma, ta yi mamakin ganinmu. Ni na yi mata bayani da bakina, ban bar wa ƙanwata ba.

Abin da tafiyar ta koya mini, matasan da ke aiki a birni da tes suke tafiyar da rayuwarsu, ni ina nan ina yi masa kallon shara. In ka san ba ka karanta saƙo, kada ka karɓi biron wani ka rubuta lambarka, ko da kana ganin kariya kake yi masa. Yau kwana tara ke nan. Duk sanda wayar ƙanwata ta yi tsuwa, gidanmu sai ya yi tsit, mahaifiyarmu ta dakata da abin da take yi. Ita kuwa ta duba, ta kife wayar, ta ce talla ce.