Busar Farko ta Egya Tandoh

A ƙungiyar makaɗan birninmu na Sekondi ba a fara komai sai Egya Ebo Tandoh ya busa. Masta Arhin, mai riƙe mana sandar jagorancin kiɗa, ya ce haka dokar take ko'ina a duniya: mai obo, siririyar baƙar algaitar nan, shi ke fitar da sauti guda, kowa ya daidaita kayansa a kai. Masu goge su murɗa tsirkiya, mu masu begila mu ja bututu. A wasu garuruwan kafin ka yi tari an gama. A wurinmu kuwa hidima ce. Sai Egya ya miƙe, ya gyara kwat, ya share baki da hankici, ya dubi jama'a kamar mai shirin raba gado, sannan ya busa.

Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Shi da abokan aikinsa da wasu 'yan badujala da suka yi ritaya suka kafa ƙungiyar a ɗakin ajiyar kaya na tasha, tun uwata ba ta iya ɗaura zani ba. Duk sun mutu sun bar shi, don haka tarihinmu yanzu a bakinsa yake, kuma kowace shekara sai tarihin ya ƙara ƙiba. Bara wani babban baƙo ne ya yi kuka da ya ji busarsa. Bana har da matar baƙon da direbansu.

Muna kaɗa kiɗan wasu Jamusawa da suka daɗe a ƙasa, irin dogon nan da za ka yi barci ka farka ka tarar ba a kai rabi ba. Mukan surka da waƙoƙin coci da kiɗan rawa na hailaif don kada a watse a bar mu da kujeru. Ranar Talata, da yake masunta ba sa shiga teku, mukan je bakin ruwa mu yi musu kyauta, suna ɗinkin koma muna zufa cikin kwat. Muna zuwa asibiti da makarantu. Amma gidan yari aka fi sauraronmu da natsuwa, ba wanda ya taɓa tashi ya fita.

To, kunnen Egya ya tsufa tare da shi. Sautin da yake ba mu kullum sauka yake yi, kaɗan-kaɗan, mu kuma muna bin sa ƙasa kamar tumaki. Tunda duk tare muka karkace, ba mai ganewa daga waje. Ni dai bututun begilata na ja shi har ƙarshe, sai da na ɗaure da roba kada ya faɗo a gaban mutane.

Wata rana na nuna wa Anti Ekuwa, mai babban goge, wadda ke bandar kifi da rana.

"Anti, dubi ma'aunin sauti a wayata. Da Egya ya busa allurar ta kwanta hagu kamar mashayi."

"Joojo, mai da wayar nan aljihu kafin in banda ta tare da kifi."

"Ai gaskiya na faɗa."

"Wa ya aike ka? Mutum ya binne matarsa, ya binne abokansa, jirgin ma ya daina zuwa. Busar nan kaɗai ta rage masa. Kai ban da baki me kake da shi?"

Da haka muka zauna lafiya, har wani ɗan gari da ya yi arziki a ƙasashen waje ya aiko mana da kyautar fiyano. Ba don Allah ba, 'yarsa ce za ta zo ta kaɗa a bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya, yana so a tafa mata a gida. Ƙaton abu, baƙi wuluk, sai da masunta suka ɗauko shi kamar kwalekwale.

Ranar gwaji Egya ya yi hidimarsa ya busa, muka daidaita. Masta ya danna fiyano. Kai! Kamar an taka wutsiyar kyanwa biyu lokaci guda. Fiyano na sama, mu muna can ƙasa.

Masta ya yi gyaran murya. "Egya, ka san in akwai fiyano, shi ake bi. Ba ya motsi. Shi zai riƙa ba mu sauti, kai sai ka huta."

"In huta?" Egya ya ajiye obo a cinya. "Arhin, ni na riƙe ka ranar da aka yi maka baftisma, har ka jiƙa mini wando. Yau kake cewa in bi bayan katako?"

"Ba haka ba ne, Egya..."

"Wannan akwatin jiya ya sauko daga jirgin ruwa. Bai san kowa ba, bai gai da kowa ba. Shi ne zai faɗa wa Sekondi yadda sauti yake?"

Ya naɗe kayansa ya fita. Gwaji biyu kujerarsa ba kowa. Fiyano ya ba mu sauti, daidai kuwa, allurar wayata ta tsaya cak kamar soja. Na kwance robar begilata. Kiɗa ya yi kyau ƙwarai, sai dai ba mai kallon wani. Na bi ta ƙofar gidansa na hango shi zaune a baranda da kwat, an fi awa da wucewar lokacin gwaji, yana kallon titi.

Anti Ekuwa ce ta tara mu a bayan rumfarta, cikin hayaƙi, ta raba mana dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye.

"Masta, tambaya ɗaya. Fiyanon nan ba tsirkiya ce a cikinsa ba?"

"Ita ce, Anti, amma da yawa."

"Ana murɗa ta?"

Masta ya dafe kai. "Anti, abin da kike tunani, ko a gidan mahaukata ba a yi."

"Sai a fara daga wurinmu. Ci dokununka kada ya huce."

Aka ɗauko wani mai gyaran fiyano daga Takoradi ranar Lahadi da safe, lokacin Egya yana coci. Da aka yi masa bayani sai ya cire tabarau ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku tsaya. Abin lafiyarsa ƙalau. In ɓata shi kuke so?"

"Ka sauko da shi dai," in ji Anti.

"Har ina?"

Sai ni aka tura gaba. Na ja bututun begilata har inda roba ta yi shaida, na busa masa sautin Egya. Mutumin ya rufe ido kamar an soka masa allura. Ya wuni yana sassauta tsirkiya ɗaya bayan ɗaya yana ƙunƙuni, ya kuma roƙe mu kada mu faɗa wa kowa sunansa. Shi ya sa ban faɗa ba.

Masta da kansa ya je bikon Egya, riƙe da hula a hannu, ya ce a zo a sake gwadawa, wataƙila ranar nan gajiyar tafiya ce ke damun akwatin. Egya ya zo. Ya miƙe, ya gyara kwat, ya share baki, ya busa. Masta ya danna fiyano da ɗan yatsa.

Sauti ɗaya, ba ka raba su.

Egya ya daɗe yana kallon fiyanon. Ya zagaya, ya ɗaga murfin, ya leƙa ciki. Ya dubi Masta, ya dubi Anti, ya dube ni, ni kuma na sami wani abu mai ban sha'awa a silin.

"Wa ya taɓa shi?"

Anti ta duƙufa tana goge gogenta kamar yau ta saye shi.

Idonsa ya yi ja. Ya zaro hankici ya fyace hanci da ƙarfi, ya rufe murfin a hankali, ya ɗan bubbuga shi.

"To. Ya koyi ladabi," ya ce. Ya koma kujerarsa. "Arhin, me kake jira? Ɗaga sandarka, ba mu da lokaci."