Ashirin da Huɗu a Bayan Kyamarar Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Rajab, ina tsaye a shagon wankin hoton da nake aiki a ƙasar nan da ba tawa ba, 'yarka ta kira ni ta ce, "Yaya, Baba ya huta." Ba ta ce ka rasu ba, ni ma ban gyara mata ba. Duk wanda ya ga yadda ciwon ya cinye jikinka, ya dawo yana cin tunaninka, ya san hutu ne. Na yi salati, na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Kawu, da gangan na makara da wannan rubutu. Da a makon na yi shi, da ko dai na shirga maka yabon ƙarya, ko na zalunce ka, domin da fushinka nake kwana nake tashi.

Tsaya-Cak mutanen layinmu suke ce maka, saboda abin da kake faɗa wa duk wanda ya zauna gaban kyamararka ke nan, ango ne ko jariri. Kai ka karɓe ni daga hannun yayarka, mahaifiyata, ka koya mini sana'a. Ba ka iya yabo ba. In ka ce "ba laifi", ranar sai mutum ya yi ta murna har gida. Shagon da na tsufa ina sharewa kuma ka ba ɗanka, ya mai da shi wurin cajin waya. Abin da ya fitar da ni daga gida ke nan. Ya yi mini ciwo, amma ɗanka ne, ba ka ci haƙƙina ba.

Kyamarar taka tsohuwa ce, irin wadda ake leƙawa ta 'yar taga a ga mutum ya rabu biyu, a yi ta murɗawa har ya haɗe. A bayanta akwai ɗan faifan ƙarfe mai lambobi layi biyu, ASA a waje, DIN a ciki. Lambar fim ce, wato yawan hasken da yake buƙata: in ta yi sama, haske kaɗan ya ishe shi. Faifan ba ya taɓa komai a cikin kyamara, tuni ne kawai ga mai ita. Kai kuwa ba ka taɓa sa shi daidai da lambar fim ba, kullum rabi kake sawa, don ka ba fuska ninkin haske. Kakan ce, "Waɗanda suka rubuta lambar nan ba a kan fuskarmu suka gwada ba."

Ina tuna mai gawayin nan da ta zo tana mita, wai duk hoton da aka taɓa yi mata daga ido sai haƙora. Ka zaunar da ita kusa da ƙofa, ka ce ta tsaya cak. Da ta zo karɓa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ikon Allah, ashe ina da hanci!" Masu dako da aka mayar musu da hoton katin aiki saboda duhu, kai kake sake musu. Hoton da fuska ba ta fito ba, gara ka yaga shi da ka miƙa wa mai shi.

Ga inda muka ɓata. Mahaifiyata ba ta son hoto. Ko kiran bidiyo na yi mata, silin da fanka kawai nake gani. Da ƙarfinta ya fara ƙarewa, takardun zamana suka hana ni motsi, na roƙe ka ka ɗauke ta hoto, don kai kaɗai kake iya tsawata mata. Ka ce, "Zan gani." Ta rasu ban gan ta ba. Na tambaye ka hoton, ka ce, "Mai so ya zo." Na ɗauka baƙar magana ce kawai, ba ka ɗauki hoton ba. Daga ranar na daina kiranka.

Bayan rasuwarka wani maƙwabci da ya zo nan aiki ya kawo mini kyamarar, naɗe cikin tsohuwar rigarka. 'Yarka ta ce ko lokacin da kake kiranta da sunan mahaifiyarta, ba ka manta da gargaɗin kada kowa ya buɗe bayanta ba. Akwai fim a ciki da ba ka wanke ba. Hannunka ya fara rawa, maganin wanki ya ɓace a kasuwa, ba ka kuma yarda da hannun kowa ba.

Nan hankalina ya tashi. Kai da kanka kake yanko fim daga babban gwangwani ka naɗa a kwanso marar rubutu, kuma iri biyu kake ajiyewa, mai ɗari da mai ɗari huɗu. Kowanne da lokacin da yake yi a cikin magani, kuma fim sau ɗaya ake wanke shi. Na juya bayan kyamara, sai na ga babban yatsanka ya goge layin ASA tas. Na ciki ne ya rage, kibiya tana kan ashirin da huɗu. Da ƙeyata na biya karatun nan: ashirin da ɗaya a DIN shi ne ɗari a ASA, ƙara uku ka ninka. Ke nan ɗari biyu, a lissafinka kuma fim mai ɗari huɗu. To amma ka juya faifan ranar da ka sa fim ɗin, ko mantuwa ta riga ta shigo, lambar wani tsohon fim ce ta tsaya a wurin? Ba wanda zan tambaya.

Kwanaki kyamarar ta yi a kan teburina. Mai shago har ya ce ko gadinta aka ba ni. Wata ranar da tsakar rana, ba ciniki, na shiga ɗakin duhu na yi bisimilla. Na ce mutumin nan zai iya manta sunan 'yarsa, amma yatsansa ba zai manta faifai ba. Na wanke fim ɗin a matsayin mai ɗari huɗu.

Da na ɗaga fim ɗin a haske, farko kujera ce ba kowa. Sai ƙofa. Sai tafin hannu ya tare fuska, sau da yawa, ka ga alamar an sha daru. Can kusa da ƙarshe sai ga mahaifiyata ta sauke hannun, baki buɗe, da gani faɗa take yi maka tana dariya. Na buga shi a takarda. Ga tabon goshinta, ga ƙwayar idon da na gada, ga tsufan da ban gani ba, layi-layi, babu wanda duhu ya haɗiye. Na zauna a ƙasa na yi kukan da na riƙe tun rasuwarta.

Ba zan ce ka kyauta da ka bar ni cikin zullumi ba, Kawu. Kalma ɗaya ta isa. Amma na gane so kake na dawo, ba ka kuma iya cewa ka yi kewar mutum ba. Alkawari dai ka cika. Na yafe, ina roƙon kai ma ka tafi da yafiyata a ranka.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, Ya haskaka kabarinka ninkin hasken da ka ba fuskokin bayinsa, Ya haɗa ka da yayarka a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, uwar da ta ciyar da ni, da ɗanka, da 'yarka da ta yi jinya ba ta gaji ba. Allah Ya ba mu haƙuri.

Hoton yana jikin bango inda nake kwana. Ba laifi, Kawu.