Ranar da Kogin Nilu Ya Gangara Kudu

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Kowa Malam Taswira yake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci. Labarin ƙasa yake koyarwa a sakandaren unguwa, tun gemunsa na baƙi har ya koma fari fat. Gajere ne mai tumbi, aljihunsa ba ya rabo da garin alli. Dutsen Kilimanjaro ya san shi kamar shi ya tara shi, amma bai taɓa yarda ya taka tsani ba. In ƙwan lantarki ya mutu a gidansa, matar ce ke hawa kujera, shi yana riƙe da ƙafar kujerar yana ba da umarni.

A gida ma ba a huta da darasi ba. Wurin da katifarsu ta lotsa a tsakiya, wai shi ne Babban Kwazazzabo na gabashin Afirka. Tulin wanki a bayan ƙofa, tsaunukan Habasha. Sanƙon kansa kuwa matar ce ta raɗa masa Sahara, ta ce duk shekara ƙara cin ƙasa yake yi.

Burinsa ɗaya ne kafin ya ajiye aiki: ya bar taswirar Afirka ta siminti a farfajiyar makaranta, da tudunta da kwarinta, yadda yaro zai zuba ruwa ya ga kogi na tafiya da idonsa. Shugabar makarantar, wadda tsohuwar ɗalibarsa ce, ta ba shi filin gaban ofishinta, inda ta so ta yi rumfar babura.

"Malam, in ta yi kyau ranar taron iyaye, ta zauna," in ji ta. "In ba ta yi ba, guduma."

Ya kira ƙanin matarsa, magini ne, ya tsayar da shi gaban taswirar da ke rataye a bangon aji, ya ɗauki sanda.

"Duba nan. Sama, Masar da duwatsun Atlas. Ƙasa, hamadar Kalahari. Tsakiya kwarin Kwango, ka yi shi kamar kwano. Habasha ka tula mata siminti, kada ka yi rowa. Wannan zaren kuma Nilu ne, ka ja masa kwata."

"Mijin Yaya, ni da na gina masai ba iyaka, kwata za ka koya mini?"

Sai aka tura Malam wani gari gyaran takardun jarrabawa. Bai dawo ba sai da safiyar taron, ya tarar an lulluɓe aikin da tampol, iyaye sun cika benci.

Da aka yaye, sai da idonsa ya kawo ruwa. Ga Habasha ta yi tozo, ga Kwango ya yi kwano, ga Kilimanjaro har da ɗan farin fenti a ƙoƙon kansa. Ya karɓi buta, ya gyara murya, ya ce jama'a su kalli yadda Nilu ke tasowa daga babban tafki ya bi ta hamada ya faɗa teku a arewa. Ya tsiyaya.

Ruwan ya ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ya juya wa Masar baya. Ya cika Kwango, ya tumbatsa, ya wanke Kalahari tas, ya zube daga gindin nahiyar a kan takalmin Shugaba.

Malam ya waiwayi ƙanin matarsa. "Me ka yi wa arewa?"

"Na ɗaga ta mana. Kai ka ce Masar na sama, Kalahari na ƙasa. Ruwa ba ya hawa sama, Mijin Yaya, ko na Turawa ne."

"Saman takarda nake nufi, sakarai, ba saman tudu ba."

Ya juya ga iyayen don su taya shi dariya. Rabinsu shi ya koyar da su. Ba wanda ya yi dariya. Wani mai kanti ya ɗaga hannu kamar yana aji, ya ce, "Malam, to da ba haka yake gangarowa ba?"

Shugaba tana yarfe takalmi ta ce a hankali, "Ni ma fa haka na ɗauka."

Malam ya ajiye butar, ya nemi benci ya zauna. Shekara da shekaru yana nuna arewa da sanda yana cewa sama, ashe gari guda ya yaye da kogi a juye.

Ya roƙi a kawo gudumar da kansa. Shugaba ta ce a bari a gani. Da damina ta faɗi, sai aka lura ruwan da ke kwanciya a ƙofar ofis yanzu bin Afirka yake ya fice ta kudu. Maganar rumfar babura ta mutu. Sabon malamin labarin ƙasa kuma da taswirar yake fara darasi: ya zuba ruwa, ya ce yara su faɗi abin da ba daidai ba.

Malam ya yi ritaya, bai ƙara furta kalmar sama ba. Matar dai ba ta bar shi ba. Duk sanda take son abu daga kan kabad sai ta ce, "Malam Taswira, miƙo mini tukunyar can ta arewa." Shi kuma ya jawo mata kujera ya riƙe.