Bashin Goro a Barandar Danau Kota

Gidanmu na Kano yana bin wani gida na ƙarshen layinmu bashin goro huhu bakwai, yau sama da shekara ɗari biyu. Kakan kakanninmu falke ne mai zuwa Gwanja. Shi ya ba nasu kakan goron, aka rubuta a takarda, mutumin kuwa har ya koma ga Allah bai biya ba. Tun ina yaro, duk ranar ƙaramar Sallah, Baffa, ƙanen mahaifina, yakan ɗauki takardar ya shiga zaurensu fuska a murtuke, ya karanta ta da ƙarfi. Alhajin gidan sai ya dafe kai, ya yi ta kukan kasuwa ta mutu, sannan ya zaro goro ƙwaya ɗaya ya miƙa, ya ce a yi haƙuri sai baɗi. Daga nan a kawo tuwo, su wuni suna hira.

Da na sami gurbin karatu a Kuala Lumpur, inda zan yi bincike kan wasiƙun fatake, ba ƙaramin lallashi na yi ba kafin Baffa ya ara mini gafakar takardun gidanmu. Sharaɗinsa ɗaya: takardar bashi ta dawo hannunsa kafin Sallah, ko da a jakar 'yan kasuwa masu komawa gida ne.

Muka kama ɗaki can ƙololuwar bene a unguwar Danau Kota, ni da matata. Garin nan danshinsa ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Takalmin da ka ajiye mako biyu sai ka tarar ya yi gashi. Wata rana matata ta jawo gafakar daga ƙasan gado, ga fumfuna kore shar ta lulluɓe ta. Maimakon in yi shiru in nemi dabara, sai na kira Baffa ta bidiyo na nuna masa.

"Shanya su za ka yi," in ji shi. "Haka iyayenmu suke yi duk rani. Fitar da su rana yanzu ina gani."

"Baffa, nan fa kusan kullum sai an yi ruwa."

"Ruwa? A tsakiyar rani?" Ya juya wayarsa ya haska mini saman Kano. "Duba da idonka. Ko ɗigon hadari akwai?"

Na fara bayanin cewa samansu daban, namu daban. Ya ce shi ya sa ba ya son doguwar boko, tana sa yaro ya yi musu da abin da yake gani ƙuru-ƙuru. Matata tana bayan waya tana girgiza mini kai, ni kuwa ban taɓa ce wa Baffa a'a ba, ba kuma a wayar bidiyo zan fara ba. Na baje takardun a baranda, na danne su da cokula da kofunan shayi tunda babu dutse a saman bene. Takardar bashi kuwa Baffa ya sa na kai ta can bakin ƙarfen baranda, inda rana ta fi ƙarfi.

A Kano hadari yana da ladabi. Sai ya haɗu, ya yi iska, mata su kwashe shanya a tsanake. Na Kuala Lumpur ko sallama ba ya yi. Na tayar da sallar la'asar ke nan na ji matata tana ihu: "Malam, rain! Wallahi rain!" Kafin in sallame ta kwashe na kusa da ƙofa. Wadda ke bakin ƙarfe ta sha ruwa ta ƙoshi. Tawadar mutanen da, ta gawayi da ƙaro ce, irin wadda ake wankewa a allo. Ina tsaye ina kallon huhu bakwai suna gangarawa magudanar baranda, baƙin ruwa siriri. Takardar ta bushe fes, ba ko wasali. Na zauna a ƙasa, kunya da baƙin ciki suka rufe ni.

Da na faɗa wa Baffa, salati kawai ya yi ya kashe waya. Ya daina ɗaukar kirana. Matata ta yi ta sayo mini gurasar roti a mamak, gidan abincin da ke ƙasan bene, na kasa ci.

Ana cikin azumi sai ga baƙuwar lamba daga gida. Alhajin gidan can ne, wanda ake bi bashi. Na ɗauka godiya zai yi, ashe faɗa ya kawo.

"Kai ne ka wanke mana bashi? Wa ya aike ka? Baffanka ya aiko wai bana ba zai zo ba, ba shi da abin karantawa. To ni wa zan yi wa ƙarya ranar Sallah?"

"Alhaji, a yi haƙuri. Ina da hotonta a kwamfuta."

"A ina ka taɓa ganin an bi bashi da hoto? Ɗauko alƙalami da takarda mai kauri."

Ya shiga karanto mini ita da ka, tun daga bisimilla, da gaisuwar, da sunayen shaidu. Shekara da shekaru yana jin ta daga bakin Baffa, ya haddace ta tsaf. Ina rubutawa ina duba hoton, bai kuskure ko kalma ba, har muka zo kan adadi.

"Huhu tara," in ji shi.

"Alhaji, bakwai ne a nan."

"Kai ka ci bashin ko mu?" Na ji yana gyara murya. "Goron da nake ba shi duk shekara ya rage bashin da yawa. Ni da Baffanka mun kusa tafiya, ɗan nan. Rubuta tara, kada jikokina su wayi gari su ce za su iya biya."

Na rubuta tara.