Anti Sauro

Shekara ashirin tana ɗibar jini a wani ɗakin asibiti mai taga ɗaya. Marigayiya 'yata, mai jinyar sankarar kaluluwa, ta raɗa mata Anti Sauro. Duk wata mukan je gwajin da ke nuna ko magani na aiki. Ita Anti Sauro ba ta duba sakamakon kowa, kada fuskarta ta tona.

Ranar da likita ya ce min alƙaluman sun sake hawa, aka maimaita gwajin. Anti Sauro ta ɗaga kwalbar a hasken taga, jinin yana sheƙi, ta ce wa 'yata:

"Uwata, jininki ja haka, saurayi ne ya kira?"

'Yata ta yi ta dariya. Na jingina da ƙofa, na kasa cewa mu tafi, domin nan kaɗai labarin bai iso ba.